Fita ɗari a kujerar matuƙi: aikin Leonard Cheshire a Yaƙin Duniya na Biyu

Mutum kimanin 125,000 ne suka yi aiki a jiragen sama masu jefa bama-bamai na rundunar sojan saman Birtaniya a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma 55,573 daga cikinsu ba su ga ƙarshen yaƙin ba. Ƙa'idar rundunar ita ce ma'aikacin jirgi ya yi fita 30 zuwa ƙasar abokan gaba kafin a ba shi hutu. Talatin ba ta da yawa a baki, sai an zauna an yi lissafi. Idan a kowane dare ana rasa jirgi biyar cikin ɗari, waɗanda za su cika talatin ɗin ba su wuce mutum ɗaya cikin biyar ba sai da kaɗan. Leonard Cheshire ya yi fita 100.

Da an ji haka sai a ce sa'a ce. Akwai sa'a a ciki, babu musu, domin gwanaye da yawa sun tafi a fitarsu ta uku ko ta ashirin da tara. Amma ni abin da nake ganin ya cancanci a tsaya a duba shi ne yadda mutumin ya ɗauki aikin a matsayin sana'a. Ya san jirginsa ciki da waje, kuma shekara huɗu ya yi yana fama da tambaya guda da ta gagari rundunar gaba ɗaya: ta yaya bam zai faɗa inda aka nufa, cikin dare?

An haife shi ran 7 ga Satumba 1917 a Chester. Mahaifinsa malamin shari'a ne a Jami'ar Oxford, shi ma shari'ar ya karanta a can, kuma a ƙungiyar ɗaliban jami'ar ya fara koyon tuƙin jirgin sama. A watan Yuni 1940 aka tura shi rukuni na 102 a sansanin Driffield da ke Yorkshire, inda ake tuƙa Whitley, jirgi mai inji biyu, mai ɗaukar mutum biyar, marar sauri, ga sanyi a cikinsa kamar ƙanƙara. A wancan lokacin sabon matuƙi ba ya samun jirgin kansa kai tsaye. Sai ya zauna kusa da wani ƙwararre a matsayin mataimaki. Cheshire ya dace da ubangida, wani ɗan New Zealand mai suna Hugh Long, wanda ya sa shi a gaba ba sassauci. Yakan ɗaure masa ido ya ce ya laluba ya taɓo kowane makunni da kowane famfon mai. Ya sa shi zama a gurbin kowane ma'aikaci, daga mai rediyo har maharbin wutsiya, har ya san abin da kowa ke gani da abin da ba ya iya gani.

Wannan horo yana da dalili. Idan harsashi ya huda tanki, dole a rufe famfonsa a karkatar da injin zuwa wani tankin kafin man ya tsiyaye. A cikin duhu ake yin haka, hannu cikin safar fata mai kauri, wani lokaci hayaƙi ya cika jirgin. Wanda zai tsaya neman tocila ya riga ya makara.

Daren 12 ga Nuwamba 1940 aka gwada wannan ilimi. An tura su matatar mai ta Wesseling a Jamus, gajimare ya rufe ta, sai Cheshire ya juya zuwa tashar jiragen ƙasa ta Kolon. Ana cikin haka harsashin bindigar kakkaɓo jirgi ya fashe dab da su, ɓarɓashinsa ya tayar da wani harsashin haske da ke cikin jirgin. Gefen jirgin ya tsage tsawon kusan ƙafa goma, wuta ta kama, mai rediyo ya ƙone a fuska. Suka kashe wutar, Cheshire ya saki bama-bamansa, ya kamo hanyar Ingila da jirgi a yage, iska na kutsowa ciki har suka sauka. Wannan ne ya jawo masa lambar yabo ta soja, DSO, ta farko yana da shekara 23.

Sai dai duk wannan jarumta, yawancin bama-baman da ake jefawa a 1940 da 1941 a gonaki suke faɗawa. A watan Agusta 1941 wani jami'in gwamnati, David Butt, ya bi hotuna ɗaruruwa da jiragen suka ɗauko lokacin sakin bam. Cikin jiragen da suka ce sun kai hari inda aka aike su, ɗaya cikin uku ne kaɗai ya zo kusa da wurin da tazarar mil biyar. A yankin Ruhr, inda hayaƙin masana'antu da bindigogi suka fi yawa, ɗaya cikin goma ne. Ba ƙarya ma'aikatan suke yi ba. Mai lissafin hanya yana da taswira, kamfas, agogo, da hasashen iska da aka ba shi tun da rana. In hasashen ya kuskure da mil 20 a awa, bayan awa uku jirgin ya kauce da mil 60, kuma babu abin da zai nuna masa, domin ƙasa duk baƙi ƙirin ce, garuruwa sun kashe fitilu. Jamusawa kuma suna kunna wutar bogi a fili don su yaudari mai saiti.

Daga nan aka shiga neman magani. Aka kawo na'urar Gee mai karɓar saƙon rediyo daga Ingila don jirgi ya san inda yake, daga baya wasu na'urorin, Oboe da H2S. Aka daina barin kowane jirgi ya bi hanyarsa, aka koma tura su a dunƙule cikin ayari guda domin su fi ƙarfin masu tsaro, kamar yadda aka yi da jirage 1,047 a kan Kolon a ƙarshen Mayu 1942. A watan Agusta na shekarar aka kafa rundunar masu share fage a ƙarƙashin Don Bennett, waɗanda ke riga kowa isa su jefa alamomi masu launi.

Kafin a ci gaba da Cheshire, gara a ga yadda dare guda yake a jirgi mai inji huɗu, tunda a nan ne rayuwar matuƙin take. A ɗauki Lancaster. Mutum bakwai ne a ciki: matuƙi, injiniyan jirgi, mai lissafin hanya, mai saitin bam, mai rediyo, da maharba biyu, ɗaya a gadon bayan jirgi ɗaya a wutsiya. Tun 1942 aka soke mataimakin matuƙi, saboda kowane jirgi da ya faɗi yana tafiya da matuƙa biyu, alhali horar da guda yakan ci fiye da shekara. Saboda haka in aka harbi matuƙi, sai dai injiniya ko mai saiti ya janye shi daga kujera ya gwada abin da ya iya.

Da safe ake gwada jirgi. Da la'asar a taru a ɗakin bayani, a yaye labulen taswira, kowa ya bi jan zaren da ido ya ga inda ya tsaya. Amma tun kafin nan makanikai sun gano: idan an cika tankuna shida da galan 2,154, tafiyar mai nisa ce, Balin ko kudancin Jamus. Idan mai kaɗan ne bam da yawa, Ruhr ce. Mai da bam a ma'auni ɗaya suke, in ɗaya ya hau dole ɗaya ya sauka. Kayan da aka saba ɗauka su ne ƙaton bam mai nauyin kilo 1,800 tare da ɗaruruwan ƙananan bama-baman tayar da gobara. Kowa ya zazzage aljihunsa, kada a samu wasiƙa ko tikitin mota da zai nuna sansaninsa in an kama shi. A karɓi laimar sauka, a ci abinci, a jira.

Tashi shi ne hatsari na farko. Jirgin ya kusa tan 30, an hana magana ta rediyo, sai koren fitila daga gefen titi ta ba da izini. Farfeloli huɗu duk gefe ɗaya suke juyawa, don haka da an ba injin wuta sai Lancaster ya nemi fizgewa hagu. Matuƙi yakan tura totur na injin da ke can ƙarshen hagu gaba da sauran, har sai wutsiya ta ɗaga ta fara jin iska, sannan injiniya ya karɓi totur ɗin ya danne su gaba ɗaya, matuƙi ya mayar da hannu biyu kan sitiyari. In inji ɗaya ya mutu a wannan daƙiƙar, ko taya ta fashe, jirgin zai bar titi ɗauke da mai da bam, kuma ba kasafai ake samun wanda ya fita ba.

Da an wuce ƙafa 10,000 kowa ya ɗaura abin shaƙar oksijin. A ƙafa 20,000 sanyi na iya kaiwa digiri 40 ƙasa da sifili. Tururin numfashi yakan daskare a cikin bututu ya toshe shi, mutum ya fara jin daɗi da kasala ba tare da ya san yana shaƙewa ba. Shi ya sa matuƙi mai hankali yake kiran ma'aikatansa ɗaya bayan ɗaya lokaci-lokaci, musamman maharbin wutsiya, wanda ke zaune shi kaɗai, sau da yawa ma ya cire gilashin gabansa don ya fi gani. In bai amsa ba, a tura mutum da ƙaramar kwalbar oksijin ya duba shi.

Maharban nan aikinsu na gaskiya gani ne, ba harbi ba. Bindigoginsu ƙanana ne in an kwatanta da igwa mai milimita 20 ko 30 da jiragen farautar Jamus ke ɗauke da ita. Da maharbi ya hango inuwa sai ya yi ihu a kauce hagu ko dama, matuƙi kuma ba ya tambaya. Ya kifa jirgin gefe ya nutsa, ya juya ɗaya gefen, ya hau, ya sake juyawa, yana murɗawa a sama kamar mazari. Babu na'urar da ke taimaka masa, da ƙarfin damtse yake jan jirgi mai nauyin tan da yawa, taswirar mai lissafi da fensirinsa duk su watse. Daga 1943 Jamusawa suka ɗaura wa wasu jiragensu igwa mai kallon sama. Sai su lallaɓo ta ƙarƙashi, inda Lancaster ba shi da ido, su harbi tankin da ke cikin fiffike. Jirage da dama sun kama da wuta ba wanda ya ga abin da ya harbe su.

Mafi wuya shi ne mintocin saiti. Dole jirgi ya miƙe sambal, ba kaucewa, ƙofofin bam a buɗe, mai saiti na kwance a hancin jirgi yana cewa hagu kaɗan, riƙe haka. Bayan bam ya tafi ma ba a gama ba, sai an ƙara kamar rabin minti a miƙe har kyamara ta ɗauki hoton da zai shaida inda aka jefa. A nan ake samun wata matsala da ta addabi rundunar: kowa na ɗokin saki ya tsere, sai ya saki a bakin wutar da ya fara gani. Na bayansa ya saki a bakin tasa wutar. Kafin a ankara harin ya ja baya mil da yawa ta hanyar da aka shigo.

In jirgi ya kama da wuta, matuƙi ne ke riƙe shi a daidaice har sauran su fita, kuma da ya saki sitiyari jirgin zai fara juyi ya manne kowa da bango. Ƙofar tsira ta hancin Lancaster ƙarama ce ga mutum sanye da kayan sanyi da laima. A tsakiyar jirgin akwai ƙaton ƙarfen da ya riƙe fuka-fuki, sai an haura shi. Laimar maharbin wutsiya kuma a wajen kejinsa take rataye. Cikin waɗanda aka harbo a Lancaster, kusan 15 cikin ɗari ne suka tsira, a Halifax, wani jirgin mai inji huɗu, kusan 25. Ko an dawo ma tsugune ba ta ƙare ba: daren 16 ga Disamba 1943 hazo ya rufe sansanonin gabashin Ingila, jirage kusan 30 da suka dawo daga Balin suka faɗi a gida, wasu mai ya ƙare musu suna neman titi.

Wannan ita ce duniyar da Cheshire ya karɓi shugabancin rukuni na 76 a cikinta, a watan Agusta 1942, shekara guda bayan an harbo ƙanensa Christopher a harin Balin, ya zama fursunan yaƙi. Halifax suke tuƙawa, kuma na wancan lokacin yana da aibu biyu. Ba ya hawa sama sosai, saboda haka shi ke shan harsashi yayin da Lancaster ke bisansa. Na biyu ya fi muni: idan aka murɗa shi da ƙarfi, musamman in inji ɗaya ya mutu, allon juyawa da ke wutsiya yakan maƙale gefe guda, jirgin ya shiga nutsewar da ba a fita. Ma'aikata sun san haka, sai suka riƙa jin tsoron kaucewa, wanda hakan ya mayar da su nama ga maharban Jamus. Cheshire ya sa aka rage wa jiragensa nauyi, aka cire kejin maharbi na hanci da na gadon baya da murafen salansa, domin su ƙara hawa da gudu. Matsalar wutsiya kuwa sai a 1943 aka warware ta da aka sauya fasalin allunan zuwa manya masu kusurwa huɗu.

Akwai wani hali nasa da nake ganin ya kai cire ƙarfe muhimmanci. Ya haddace sunayen makanikansa, yana zuwa wurinsu cikin sanyi ya tsaya su yi maganar inji. Kwamanda ba dole ne ya riƙa fita kullum ba, kuma yana iya zaɓar hari mai sauƙi. Shi kuwa masu wuyar yake sa sunansa a ciki, ya shiga jirgin sababbin yara ya ga yadda suke aiki. Fitar farko-farko ita ta fi cin mutane, ya kuma san haka.

A watan Maris 1943 aka ba shi muƙamin Guruf Kyaftin yana ɗan shekara 25, mafi ƙanƙantar shekaru a rundunar, aka ɗora shi kan sansanin horo na Marston Moor. Bai ji daɗin teburi ba. A watan Nuwamba ya yarda aka rage masa muƙami zuwa Wing Kwamanda domin ya karɓi rukuni na 617, waɗanda suka fasa madatsun ruwan Jamus a watan Mayu ƙarƙashin Guy Gibson. Rukunin a jigace yake. A harin madatsun sun rasa jirage 8 cikin 19, a harin mashigin ruwan Dortmund-Ems a watan Satumba suka rasa 5 cikin 8. Darasin da manya suka ɗauka shi ne tashi ƙasa-ƙasa da babban jirgi kashe kai ne. Aka ba su sabuwar na'urar saiti mai kyau ƙwarai, aka ce su jefa daga sama.

To amma na'urar saiti alama take bi. In masu share fage sun jefa alamar daga ƙafa dubbai ta kauce da yadi ɗari uku, duk gwanintar mai saiti a banza, zai dai jefa bam daidai a wurin da ba shi ba ne. Cheshire da mataimakinsa ɗan Ostareliya, Mick Martin, suka raba matsalar biyu: masu bam su zauna a sama, mutum ɗaya ya sauko ya ɗora alamar da idonsa. Da suka gwada a miƙe ƙasa-ƙasa, alamar takan yi tsalle ta zame ta wuce. Martin ne ya nuna cewa in aka nutso da hancin jirgi aka nufi wurin, aka saki a gangare, alamar na tsayawa inda ta faɗa. Daga nan mai alamar ya zagayo ya duba, ya faɗa wa na sama ta rediyo ko ta zauna daidai ko su gyara da yadi kaza, sannan ya ba da izini.

Daren 8 ga Fabrairu 1944 aka gwada a masana'antar injin jirgi ta Gnome-Rhône da ke Limoges a Faransa. Ɗaruruwan ma'aikata Faransawa, yawancinsu mata, suna aikin dare, ga gidaje kewaye da wurin. Cheshire ya ratsa kan rufin da Lancaster sau uku, ƙasa-ƙasa, ba tare da ya saki komai ba, domin su ji su fice. Sai da suka watse ya ɗora alamar a tsakiyar ginin, na sama suka sauke kayansu ɗaya bayan ɗaya. Masana'antar ta rushe, unguwar ta tsira. Ban san wani dare a tarihin rundunar da ya fi wannan nuna abin da iya aiki ke iya hanawa ba. Dole kuma a faɗi ɗaya gefen: Faransawa ne a ƙasa shi ya sa aka yi wannan taka-tsantsan. A Hamburg, a watan Yuli 1943, mutum kusan 40,000 suka mutu, kuma ba kuskuren saiti ba ne, unguwannin aka nufa.

Kwana huɗu bayan Limoges, a gadar Anthéor da ke kudancin Faransa, bindigogi suka yi wa jirgin Martin kaca-kaca, mai saitinsa ya mutu. Lancaster ya yi girma, ya yi nauyi ga wannan aiki a wurin da ke da tsaro. Cheshire ya nemi Mosquito, jirgin katako mai inji biyu da mutum biyu, mai gudun tsiya. Shugabansa Ralph Cochrane ya mara masa baya, aka ba su.

Birnin Munik na Jamus ne jarrabawar, daren 24 ga Afrilu 1944. Mosquito huɗu suka tashi daga sansanin Manston, a can gefen kudu maso gabashin Ingila, ba tare da ƙarin tankunan da suka nema ba, man da ke ciki da kyar zai kai su ya dawo da su. Fitilun laluben jirgi suka kama Cheshire daga ƙasa, hasken da jiragensu suka jefa ya haska shi daga sama. Ya nutso har ƙafa 700, ya ɗora alama, sannan ya ci gaba da kewaya birnin a ƙafa 1,000 yana duba aikin, Lancaster sama da 200 suna zubo bam ta gefensa. Jirginsa ya sha ɓarɓashi, kuma minti 12 ya yi cikin ruwan wuta kafin ya fita. Dabarar ta ci, amma a lura da abin da cin ya ƙunsa a wannan karon: tsakiyar birni ce ta ƙone, da mutanen da ke cikinta. Hanyar da ta ceci ma'aikatan Limoges ita ce ta sa wutar Munik ta taru wuri guda.

Daren da sojojin ƙawance za su tsallaka teku zuwa Normandi a Faransa, 5 ga Yuni 1944, aka ba rukunin aikin da ba bam a ciki, abin da bai yi musu daɗi ba. Jirage 16, takwas-takwas, suka riƙa zagaye a kan teku suna sakin damman zirin alminiyam a kan lokaci ƙayyadadde, kowane zagaye na matsawa gaba kaɗan, domin radar Jamus ta ga kamar ayarin jiragen ruwa ne ke tafe a hankali wajen gaɓar da ke arewa da Le Havre. Kuskuren daƙiƙa kaɗan a juyawa zai sa ayarin bogin ya yi tsalle a fuskar radar, asiri ya tonu. Awanni suka yi suna wannan lissafi.

Kwana uku bayan haka suka fara jefa Tallboy, bam ɗin injiniya Barnes Wallis mai nauyin kilo 5,400 da tsawon ƙafa 21. An karkata fuka-fukan wutsiyarsa domin ya riƙa juyawa yana faɗowa kada ya kauce, ya nutse cikin ƙasa kafin ya fashe, ya girgiza ginin daga tushe. Irin wannan bam tsada gare shi, kaɗan ne ake da su, kuma sai daga sama sosai yake aiki, saboda haka alama mai kyau ta zama dole. A Saumur da ke Faransa, Cheshire ya ɗora alama a bakin ramin jirgin ƙasa, wani bam ya huda tudun ya rufta rufin ramin, layin da Jamusawa ke son kai tankokin yaƙi Normandi ta kansa ya toshe.

Har Mosquito ma ya ga ya yi masa girma a harin rana. Amurkawa suka ba shi Mustang, jirgin farauta mai kujera ɗaya. A cikin akwatuna ya iso, makanikai suka harhaɗa shi ran 25 ga Yuni, kuma tashinsa na farko da shi shi ne harin Siracourt a arewacin Faransa, inda Jamusawa ke gina wurin harba V-1, bama-bamai masu tashi ba matuƙi. Rabonsa da jirgi mai inji ɗaya tun yana ɗan koyo. Babu mai lissafin hanya, taswira a kan gwiwa, shi ke tuƙi, shi ke neman hanya, shi ke saiti, sannan ya dawo ya sauke jirgin da bai taɓa saukewa ba, duhu ya riga ya shiga.

Ran 6 ga Yuli ya sa alama a Mimoyecques, inda Jamusawa ke haƙa ramukan manyan igwogin da za su riƙa harbin Landan. Da ya dawo Cochrane ya ce ya isa, ba tare da neman ra'ayinsa ba, ya kuma cire manyan mataimakansa uku tare da shi. A watan Satumba 1944 aka ba shi Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma a Birtaniya. Yawanci don aikin rana ɗaya ake ba da ita, tasa kuwa don shekara huɗu ce gaba ɗaya, ko da yake an ambaci Munik a takardar.

Fitarsa ta ƙarshe ba shi ke tuƙi ba. Ran 9 ga Agusta 1945 yana cikin wani jirgin B-29 na Amurka a sararin Japan a matsayin ɗan kallo na gwamnatin Birtaniya, tare da masanin kimiyya William Penney. Jirginsu bai haɗu da mai ɗauke da bam ɗin nukiliya a inda aka shirya ba, gajimare da hayaƙi kuma suka rufe Kokura, wadda aka fara nufa, don haka daga nesa suka hangi abin da ya tashi a kan Nagasaki. Ana yawan cewa wannan gani ne ya juya rayuwarsa. Labarin ya yi daɗin faɗa, amma bai dace da mutumin ba, domin bai taɓa komawa mai ƙin yaƙin ba, kuma ya ci gaba da ganin cewa dole ce ta sa aka yi shi.

Ya bar soja a farkon 1946. Ya gwada kafa wata al'umma ta tsofaffin sojoji masu zaman haɗin gwiwa, abin ya rushe, ya bar shi da bashi da wani ƙaton gida mai suna Le Court a Hampshire. A watan Mayu 1948 ya ji cewa wani daga cikin mutanen wancan shiri, Arthur Dykes, yana asibiti da ciwon daji, ba magani, asibitin na buƙatar gadon, shi kuma ba shi da inda za shi. Cheshire ya nemi wurin da zai karɓe shi ya rasa, sai ya kawo shi gida, ya koyi gyaran gado da wankan majinyaci, ya yi jinyarsa da hannunsa har ya rasu a watan Agusta. Kafin nan wata tsohuwa ta zo, bayanta wasu suka biyo. A ƙarshen shekarar ya shiga ɗariƙar Katolika. Tarin fuka ya kwantar da shi kusan shekara biyu daga 1952, yana gudanar da aikin daga kan gado. A 1959 ya auri Sue Ryder, wadda ita ma ke da nata aikin na kula da waɗanda suka tsira daga sansanonin Nazi.

An ba shi kujera a Majalisar Dattawan Birtaniya a 1991. Ciwon da ke kashe jijiyoyin motsi ya kama shi, ya rasu ran 31 ga Yuli 1992 yana da shekara 74, lokacin gidajen kula da naƙasassu masu ɗauke da sunansa sun haura 250 a ƙasashe kusan 50.